Sharhi: Wa zai riƙe agogo? Batun alƙalan tseren keke daga Kigali zuwa Barmou

A ranar 28 ga watan Satumban 2025, Tadej Pogačar na ƙasar Silobeniya ya lashe babban tseren maza a gasar tseren keke ta duniya da aka yi a Kigali, babban birnin Ruwanda. Karon farko ke nan da aka kawo gasar nahiyar Afirka cikin sama da shekara ɗari da fara ta. Tseren ya kai kilomita 267 da ɗoriya, kuma saboda tsananin hawa da gangara mahaya 30 kacal suka kai layin ƙarshe.

Tun daga lokacin maganar da ta fi yawa a bakin masu sha'awar wasan ita ce yadda Afirka za ta samu ƙarin zakaru irin Biniam Girmay na Eritiriya, wanda ya ci zango uku kuma ya tafi da koriyar riga a gasar Tour de France ta 2024. Ana maganar kekuna masu tsada, da masu horarwa, da tituna masu kyau. Abin da ba a cika ambata ba shi ne mutanen da idan babu su tsere ba ya amsa sunansa: alƙalan da ke duba mahaya, masu riƙe agogo, da masu tsayawa a mahaɗar hanyoyi su tsayar da motoci.

A jihar Tahoua da ke Jamhuriyar Nijar, inda yaro ke koyon keke tun kafin ya shiga makaranta, wannan batu ne zai nuna ko matashi mai ƙarfin ƙafa daga Barmou, ko Kalfou, ko Affala zai taɓa samun sakamakon da wani zai yarda da shi a Yamai.

Aikin da ɗan kallo ba ya gani

Alƙalin ƙwallo yana da fili guda da yake gani daga farko har ƙarshe. Alƙalin tseren keke filinsa titi ne mai tsawon kilomita hamsin ko ɗari, 'yan wasansa kuma sun warwatsu rukuni-rukuni, wasu a gaba, wasu sun yi nisa a baya. Shi ya sa hukumar tseren keke ta duniya, UCI, wadda aka kafa a 1900 kuma take da mazauni a garin Aigle na Suwizalan, ta rarraba aikin ga mutane da yawa da ake kira kwamishinonin tsere.

Akwai shugaban alƙalai, wanda ke bin babban rukuni a cikin mota, shi ne kuma mai maganar ƙarshe. Akwai alƙalin layin ƙarshe da ke rubuta jerin waɗanda suka iso, da mai agogo da ke ba kowa lokacinsa. Akwai alƙalai a kan babur masu zirga-zirga tsakanin rukunoni, suna duba ko wani ya maƙale wa mota ko ya ɓoye a bayanta don ta kare masa iska. A can baya kuma akwai motar da ke kwasar waɗanda suka gaji, tana karɓe lambobinsu domin a san sun fita.

Dokokin ma suna buƙatar wanda ya karance su. Duk mahayan da suka iso a dunƙule ana ba su lokaci guda, sai idan tazarar da ke tsakanin wani da wani ta kai daƙiƙa ɗaya. A tsere mai zango-zango, wanda ya faɗi ko kekensa ya lalace a kilomita ukun ƙarshe na zangon da ba hawan tsauni ba ne ana ba shi lokacin rukunin da yake ciki. Wanda ya karkace daga layinsa a gudun ƙarshe har ya matse wani ana mayar da shi baya. Duk wannan hukunci ne da ake yankewa cikin mintoci, a gaban jama'a, galibi iyayen mahayan da masu gidansu na tsaye a wurin.

Tarihin wasan ya nuna abin da ke faruwa idan ido bai wadata ba. A gasar Tour de France ta 1904, karo na biyu da aka yi ta, an soke sakamakon mutum huɗu na farko, har da Maurice Garin da ya zo na ɗaya, bisa zargin maguɗi da suka haɗa da amfani da mota da jirgin ƙasa. Sai bayan watanni aka miƙa nasarar ga Henri Cornet mai shekara 19. A 2015 an kori Vincenzo Nibali daga gasar Vuelta ta Sifaniya saboda ya riƙe motar ƙungiyarsa ta ja shi, kuma hoton talabijin ne ya tona shi. A ƙauye babu talabijin. Idan babu alƙali a kan babur, mahayin da ɗan uwansa ya ja da kabu-kabu na tsawon kilomita biyu zai iya karɓar kyauta, wanda ya yi gumi ya koma gida da haushi.

Matakan zama alƙali

Tsarin UCI yana da matakai. Mutum na farawa ne a matakin yanki ko na ƙasa a ƙarƙashin hukumar ƙasarsa, ya hau matakin ƙwararren alƙalin ƙasa, daga nan idan hukumarsa ta gabatar da shi kuma ya ci jarrabawa ya zama alƙalin ƙasa da ƙasa. Mai neman wannan mataki na ƙarshe sai ya kasance tsakanin shekara 25 zuwa 50, ya iya Faransanci ko Turanci, kuma aikinsa na ƙarewa ne a shekarar da ya cika 70.

A gasannin da ke cikin jadawalin UCI na Afirka, irin su Tour du Faso da aka fara a 1987 a Burkina Faso, ko Tour du Rwanda da ta shiga jadawalin a 2009, UCI ce ke turo shugaban alƙalai, sauran kuma hukumar ƙasar ce ke naɗa su. Ma'ana, ƙasar da ba ta da isassun alƙalan cikin gida ba ta da damar shirya gasar da za ta ba mahayanta maki a jerin duniya, ko da kuwa tana da titi da kuɗi.

Wannan tsani daga ƙasa ake hawansa. Ba a zama ƙwararren alƙali sai an yi alƙalancin tsere da yawa, ba a samun tsere da yawa kuma sai da alƙalai. Ƙasar da gasanninta ba su wuce a ƙirga da yatsu ba a shekara, kuma yawancinsu a babban birni, za ta daɗe tana zagayawa a wuri guda.

Yadda wasu ƙasashe ke biya

Ko a ƙasashen da wasan ya kafu, alƙalancin tseren keke ba sana'ar da ake ci da iyali ba ce. Malaman makaranta ne, da 'yan fansho, da tsofaffin mahaya, da iyayen yara. Bambancin shi ne an rubuta abin da za a ba su.

A Amurka hukumar USA Cycling tana fitar da jadawalin kuɗin alƙalai bisa girman gasa da matsayin mutum a cikinta, mai shirya gasa ne ke biya, haɗe da kuɗin tafiya gwargwadon nisan da alƙalin ya yi. A Faransa wata doka ta ranar 23 ga Oktoban 2006 ta ɗauki alƙalan wasanni a matsayin masu yi wa jama'a hidima, ta tsananta hukunci a kan wanda ya kai musu hari, ta kuma yafe haraji a kan alawus ɗinsu muddin bai wuce wani ƙayyadadden adadi a shekara ba. Masu tsaron mahaɗa a can sai sun kasance baligai masu lasisin tuƙi, kuma sai hukumar yankin ta amince da sunayensu. A Ingila akwai tsarin horar da irin waɗannan mutane har a ba su izinin tsayar da motoci da allo na musamman.

Duk da wannan, kukan masu shirya ƙananan gasanni a ƙasashen nan iri ɗaya ne: masu aikin sa kai suna tsufa, matasa ba sa shigowa, kuɗin tsaro da na inshora na ƙaruwa. A watan Fabrairun 2025, a gasar Étoile de Bessèges da ke kudancin Faransa, motocin jama'a sun shigo kan hanyar mahaya kwana biyu a jere, abin da ya sa manyan ƙungiyoyi da dama suka janye a tsakiyar gasa. A gasar duniya ta 2024 a Zurich, Muriel Furrer 'yar Suwizalan mai shekara 18 ta faɗi a wata gangara cikin daji, aka daɗe ba a gan ta ba, ta rasu washegari. Bayan wannan ne aka maƙala wa kekunan mahaya na'urar nuna inda suke a Kigali.

Idan haka ta faru a inda ake da kuɗi da jiragen daukar hoto, mai shirya tsere a kan titin da manyan motoci da amalanke da garken dabbobi ke bi yana da dalilin yin tunani sau biyu.

Abin da Tahoua ta riga ta sani

Jihar Tahoua ba baƙuwa ba ce wajen shirya babban wasa. A nan aka yi gasar kokowar gargajiya ta ƙasa karo na farko a 1975, wadda Yacouba Kantou na Maraɗi ya lashe. Yau gasar takobi tana tara 'yan kokowa 80, goma daga kowace jiha, kuma filin Hamidine Maïdaré na birnin Tahoua na cikin filayen da suka saba karɓar ta. Kokowa tana da alƙalanta na tsakiyar fili, da masu zama a teburi, da dokoki a rubuce. Ba a rasa ce-ce-ku-ce a kan hukuncinsu, amma kowa ya yarda cewa ba a shiga fili sai da su, kuma ana sa kuɗinsu cikin kasafin gasa tun farko.

Tseren keke kuwa ya fi bayyana ne a lokutan bukukuwa. A shekarun da ake bikin ranar jamhuriya ta 18 ga Disamba bisa tsarin karɓa-karɓa, wanda ya kai Dosso a 2014, Maraɗi a 2015, Agadez a 2016, sannan Tahoua a 2017 da sunan Tahoua Sakola, hukumar tseren keke ta ƙasa ta riƙa shirya zagaye mai zango-zango zuwa garin da ke karɓar bikin. Irin wannan gasa tana tafe da alƙalanta da motocinta daga Yamai, idan an gama kuma su koma tare. Garin da aka wuce ta cikinsa yana samun abin kallo na yini guda. Ilimin yadda ake gudanar da tseren yana komawa inda ya fito.

Ga ƙaramar hukuma irin Barmou, wadda ke arewa maso gabashin birnin Tahoua, matsalar ta fi haka zurfi. Babban titin kwalta na yankin shi ne wanda ya taso daga Tahoua ya bi ta Tabalak da Abalak zuwa Agadez da Arlit, hanyar da manyan motoci suka mamaye kuma ta sha lalacewa. Hanyoyin ƙauyuka na jar ƙasa ne da yashi, waɗanda koramu ke yankewa da damina. A can arewa, gundumomin Tillia da Tassara sun shafe shekaru cikin dokar ta-ɓaci, don haka duk wani taro da ke buƙatar jerin gwanon babura da motoci sai ya bi ta hannun jami'an tsaro.

Yanayi ma ya taƙaita lokacin. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, daga Yuni zuwa Satumba kowa na gona. Abin da ya rage shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma a daidai wannan lokaci ne samarin Adar ke tafiya cin rani, wasu Abidjan, wasu Legas da Kano, wasu Libiya da Aljeriya. Mutanen da suka fi dacewa a ɗauka aikin tsaron hanya ko tuƙa babur ɗin alƙali su ne ba sa gida a watannin da ake iya yin tsere.

Nawa ne kuɗin yini guda?

Ana iya gwada lissafi da farashin da aka sani. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 a wata tun farkon 2024, wato kusan sefa 1,600 a yini idan aka raba shi kwana 26. A watan Yulin 2024 kuma gwamnati ta rage farashin litar fetur daga sefa 540 zuwa 499.

A ɗauki misalin tsere na kilomita 60 a kewayen Tahoua. Ana buƙatar aƙalla alƙalai bakwai: shugaba, na layin ƙarshe, mai agogo, biyu a kan babur, ɗaya a motar baya, da magatakarda mai rajistar sunaye da lambobi. Idan aka ba kowanne jika biyar, an kashe sefa 35,000. Matuƙan babur biyu a jika uku-uku, sefa 6,000. Masu tsaron mahaɗa 20 a jika bibbiyu, sefa 40,000. Fetur na babura biyu da motoci uku, har da motar asibiti, idan ya kai lita 55 ya tashi kusan sefa 27,500. Jimla ta kama sefa 108,500.

Waɗannan alƙaluma misali ne kawai don a ga girman abin, ba farashin wata hukuma ba ne. Amma sun nuna abu biyu. Na farko, kuɗin sun haura albashin wata biyu da rabi na ƙaramin ma'aikaci, tun ba a zo kan ruwan sha, da abinci, da ɗawainiyar jami'an tsaro, da kyautar waɗanda suka yi nasara ba. Na biyu, kuɗin ba su kai abin da ake kashewa a kan rumfuna da kujeru da makaɗa a taro guda na manyan mutane ba.

Lissafin na canzawa ne idan babu alƙalai a jihar. Daga Yamai zuwa Tahoua ta hanyar Dosso da Dogondutsi da Ƙonni kusan kilomita 550 ne. Kawo mutum uku ko huɗu daga can, da kuɗin mota zuwa da komawa, da makwancin kwana biyu, zai iya ninka kasafin. A nan ne mai shirya gasa ke zaɓar hanya mai sauƙi: ya ba wani abokinsa usur, ya ba wani wayar salula ya riƙe lokaci, a yi tsere a watse. Sakamakon irin wannan tsere ba ya shiga kundin kowa.

Wa ke biya, wa ke naɗawa?

Yawan kuɗin ba shi ne kaɗai abin dubawa ba. Hannun da kuɗin ke fitowa daga gare shi yana da nasa tasirin. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Idan attajirin da ya ɗauki nauyin gasa shi ne ke zaɓar alƙali, shi ne kuma ke miƙa masa ambulan bayan an gama, kuma yaron gidansa na cikin masu tsere, alƙalin na cikin tsaka mai wuya ko da mutumin kirki ne. Ko bai karkata ba, waɗanda aka kayar za su ce ya karkata.

Maganin da ƙasashe da dama suka samo shi ne raba ayyukan biyu. Mai shirya gasa yana zuba kuɗin alƙalai a asusun reshen hukumar na jiha kafin a ba shi izini, reshen ne ke naɗa alƙalai kuma shi ke biyan su bisa jadawalin da kowa ya sani. A Nijar, inda aika kuɗi ta waya da kamfanoni irin su Nita da Amana ya zama ruwan dare, ana iya biyan kowane mutum kai tsaye a ranar, da shaidar da za a iya dubawa daga baya. Wannan yana rufe ƙofar da aka saba gani a harkar wasanni, inda ake cewa ma'aikata su yi haƙuri sai kuɗi sun fito, wata ya wuce, wani ya biyo.

Akwai kuma batun haɗari. Alƙalin da ke bayan babur yana juyowa yana rubuta lambobi a gudun kilomita 40 ko fiye a sa'a guda yana cikin kasada daidai da mahayan. Idan ya karye, wa zai biya asibiti? Lasisin alƙali a tsarin hukumomin wasan keke yana tafiya ne da inshora. Wanda aka ɗauko da safe aka ba riga mai ƙyalli ba shi da komai.

Ta ɓangaren hukuma, tun watan Afrilun 2024 da gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, kantomomi ne ke riƙe da garuruwa. Kantoman da ke fama da matsalar ruwan sha da azuzuwan zana ba zai sa tseren keke a gaba ba, kuma babu mai ganin laifinsa. Amma abin da tsere ke nema daga gare shi galibi ba kuɗi ba ne: izinin rufe hanya na awa uku, sanarwa ta bakin masu gari da gidan rediyon al'umma, da motar asibiti.

Masu ganin kada a biya

Akwai masu ra'ayin cewa shigo da kuɗi zai ɓata lamarin, kuma hujjarsu tana da nauyi. Ƙasashen Sahel sun ga yadda al'adar kuɗin zama a tarukan ƙungiyoyin agaji ta haifar da mutanen da ke halartar horo saboda ambulan, su karɓi takardar shaida, ba a sake ganin su. Idan aka buɗe horon alƙalai da alawus mai tsoka, za a cika aji da waɗanda ba su taɓa kallon tsere ba. Wasu kuma na cewa ɗan abin da ake da shi gara a ba mahayan, tun da su ne ke sayen taya da sarƙa daga aljihunsu.

Sai dai aikin sa kai yana da sauƙi ne ga mai albashi. Ɗan kabu-kabun da ya ba da babur ɗinsa da yininsa ya yi asarar cefanen gidansa na ranar. Malamin makarantar da ke aikin kwantiragi ba shi da rarar da zai sayi fetur zuwa wani gari. Idan aka ce ba za a biya ba, an ce ke nan masu hali kaɗai za su yi alƙalanci, ko kuma yaran mai shirya gasa.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a bambanta horo da aiki. A lokacin horo a ba mutum abinci da kuɗin mota kawai. Alawus ya biyo bayan tseren da ya tsaya ya yi wa aiki, kuma ƙarin matsayi ya dogara da yawan gasannin da aka rubuta a littafinsa. Mai neman ambulan zai gaji da kansa.

Ina za a samo mutanen?

Rukuni na farko su ne malaman motsa jiki na makarantun sakandare, waɗanda cibiyar horar da matasa da wasanni ta ƙasa, INJS, ke yayewa a Yamai. Sun iya Faransanci, sun saba da agogo da takardar sakamako, kuma suna zaune a garuruwansu duk tsawon shekarar karatu, lokacin da wasu suka tafi cin rani. Na biyu su ne ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua, waɗanda shekarunsu za su ba su damar hawa tsanin UCI kafin su kai 50. Na uku tsofaffin mahaya da masu gyaran keke, da suka san dabarun maguɗi saboda sun gan su da idonsu. Alƙalan kokowa da na ƙwallo da ke jihar kuma sun riga sun koyi abu mafi wuya, wato yanke hukunci a gaban taron da ke ihu.

Mata ma suna da gurbi. Riƙe agogo, da rajista, da alƙalancin layin ƙarshe ayyuka ne da ake yi a wuri guda, kuma kasancewar mata cikin ma'aikata na sa iyaye su fi sakin jiki su bar 'ya'yansu mata su shiga.

Ga tsaron hanya, ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu suna da shugabanni da rajistar mambobi, sun kuma san kowace kwana. Yarjejeniya da ƙungiya ta fi ɗaukar mutum ɗaiɗai, domin akwai wanda za a tuhuma idan wani ya bar mahaɗarsa ya tafi ɗaukar fasinja. A ƙauyuka kuwa, maganar mai gari ce ke hana makiyayi ratsa titi da garkensa a lokacin da mahaya ke tafe, kuma sanin ranar kasuwar kowane gari yana cikin aikin mai tsara hanya.

Kuɗin horon ba dole ne su fito daga baitulmali ba. UCI tana da shirin tallafa wa ƙananan hukumomin ƙasashe wanda ya haɗa da horar da alƙalai da masu horarwa da makanikai, tana kuma da reshen cibiyarta ta horo a garin Paarl na Afirka ta Kudu. Hukumar ƙasa ce ke nema, ita ce kuma ke yanke shawarar inda za a yi horon da waɗanda za a gayyata. Burkina Faso, wadda ke cikin ƙawancen AES tare da Nijar da Mali, tana da alƙalan da suka shafe shekaru suna aiki a Tour du Faso, gasar da ɗan ƙasar Paul Daumont ya lashe a 2023. Gayyato mutum biyu daga Wagadugu su yi mako guda a Tahoua ya fi araha a kan tura mutum guda Turai.

Abin da za a sa wa ido

Wasu alamu za su nuna ko ana tafiya gaba. Ko hukumar tseren keke ta ƙasa za ta fitar da jadawalin alawus a rubuce wanda ya shafi jihohi duka. Ko horon alƙalai na gaba zai fita daga Yamai. Ko kamfanonin sadarwa da attajiran Adar na gida da na ƙetare, waɗanda ke saurin sa kyautar babur ga zakara, za su yarda a cire kuɗin ma'aikata daga tallafinsu kafin a sayi kyautar.

Ruwanda ta ɗauki shekara 16 tsakanin shigar gasarta jadawalin UCI da karɓar gasar duniya, kuma a tsawon shekarun tana tara ma'aikatan da suka san aikin. Ba a sa ran Barmou ta karɓi baƙi daga Turai. Abin da matashin garin ke buƙata bai wuce tsere huɗu ko biyar a lokacin sanyi ba, da takardar da ke ɗauke da sunansa da lokacinsa da sa hannun alƙali mai lasisi, wadda mai horar da 'yan wasan ƙasa zai karanta ya kira shi gwaji. Kuɗin samar da wannan takarda, bisa misalin da ya gabata, bai kai jika 110 a kowane tsere ba.